Wane Yogot Zan Sha? Tambayoyi da Amsoshi Ga Waɗanda Madara Ko Wasu Abinci Ba Sa Karɓarsu

Abu uku ne a cikin robar yogot ke iya wahalar da mutum: sukarin madara, furotin ɗin madara, da kayan da kamfani ya ƙara daga baya. Yogot ɗin da ya dace da mai matsala ta farko yana iya kai mai ta biyu asibiti. Shi ya sa muka fara da rarrabe su kafin mu zo kan zaɓi.

Madara tana ɓata mini ciki. Alaji ke nan?

Galibi a'a. Madara tana da wani sukari da ake kira laktos, kuma hanji ba ya iya tsotse shi sai wani sinadari mai suna laktez ya raba shi gida biyu a ƙaramin hanji. Jarirai suna da laktez isasshe, amma kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya nasu yana raguwa bayan yaye. Laktos ɗin da bai narke ba sai ya gangara babban hanji, ya jawo ruwa, ƙwayoyin cikin hanji su hau shi da ci su fitar da iska. Daga nan ne ƙugin ciki, kumburi, tusa, murɗa da gudawa suke tasowa, yawanci tsakanin minti 30 zuwa awa 2 bayan an sha. Akwai wahala, amma ba ya lalata hanji, kuma yawan abin da aka sha shi ke yanke tsananinsa.

Alajin madara wani abu ne daban. A nan garkuwar jiki ce ke ɗaukar furotin ɗin madara a matsayin abokin gaba. Alamunsa sun haɗa da borin jini, ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko fatar ido, amai, shaƙewar murya da sarƙewar numfashi. Ɗigo kaɗan ya isa ya tayar da shi, kuma yana iya kisa. Akwai kuma nau'in da ke jinkiri, ya fi yawa ga jarirai, wanda ke bayyana bayan awoyi ko kwanaki da ƙuraje, amai ko jini a kashi. Duk wanda ya ga alama a fata, baki ko numfashi, ya tsallake duk abin da muka ce game da laktos, ya tafi kai tsaye kan tambayar madarar akuya da ta karanta jikin roba.

Me ya sa madara ke wahalar da ni amma yogot bai cika yi ba?

Da ƙwayoyin bakteriya iri biyu ake yin yogot: *Lactobacillus bulgaricus* da *Streptococcus thermophilus*. Su ne ke cin laktos su mayar da shi tsami, tsamin nan kuma shi ke sa madara ta yi kauri. Sai dai ba sa cinye shi duka. A yogot na kasuwa, abin da suke ci bai cika wuce kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ba, kuma kamfanoni da yawa suna ƙara garin madara don yogot ya yi jiki, wanda ke dawo da laktos ɗin da aka rage.

Babban sirrin yana ga ƙwayoyin kansu. Suna ɗauke da nasu laktez a cikin jikinsu, bangon jikinsu yana kare shi daga tsamin tumbi, sai sun isa ƙaramin hanji su taya mutum narkar da sauran laktos ɗin. Ga kuma kauri: abu mai kauri ya fi ruwa jinkirin barin tumbi, don haka laktos yana isa hanji kaɗan-kaɗan, ɗan laktez ɗin da mutum ke da shi ya samu sararin aiki. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta amince da wannan fa'ida a 2010, da sharaɗin kowane giram na yogot ya ƙunshi ƙwayoyi masu rai aƙalla miliyan 100.

Yaya zan gane cewa ƙwayoyin suna raye?

Dubi inda aka ajiye shi da kuma kwanan watan lalacewarsa. Yogot mai rai a firji yake zama, kuma wa'adinsa makonni ne. Wanda aka jera a kanta babu sanyi, mai wa'adin wata shida, an dafa shi bayan ya kama, ƙwayoyin sun mutu, zafi kuma ya lalata laktez ɗinsu. Irin wannan ga mai matsalar laktos kusan ɗaya yake da madara. Sai a duba jerin kayan haɗi: kamfanin da ke da ƙwayoyi masu rai yakan rubuta haka, har da sunayensu. Yogot ɗin da ake daskarewa kamar ayis-kirim ba abin dogaro ba ne, domin wasu ɗan yogot kaɗan ake zubawa a cikin haɗin madara da sukari.

Nawa zan iya sha ba tare da ciki ya tashi ba?

Mafi yawan masu ƙarancin laktez suna iya ɗaukar giram 12 na laktos a zama ɗaya da ɗan alama kaɗan ko babu, wato kwatankwacin kofi ɗaya na madara mai mililita 240 zuwa 250. Yogot mara haɗi yakan ƙunshi wajen giram 4 a kowane giram 100, saboda haka ƙaramar roba mai giram 125 tana ƙasa da wannan iyaka sosai. Akwai dai waɗanda rabin wannan ma ya ishe su, kowa da nasa ma'auni.

Ga dabara: a yogot mara sukari da mara 'ya'yan itace, layin da aka rubuta adadin sukari a teburin sinadarai yana nuna iyakar laktos ɗin da zai iya kasancewa a ciki. Idan an rubuta giram 3.5, laktos bai wuce haka ba. Dabarar ba ta aiki a yogot mai zaƙi, domin an haɗe sukarin da aka zuba da na madara a lamba ɗaya. A sha yogot tare da abinci, ba da ciki wayam ba, kuma a raba shi safe da yamma maimakon a shanye lokaci guda.

Tataccen yogot, irin na Girka, ya fi?

Ga mai matsalar laktos, ƙwarai kuwa. Laktos a cikin ruwa yake narkewa, don haka idan aka tsane ruwan nan mai launin ɗorawa-ɗorawa da ke fita daga yogot, wani kaso na laktos yana bin sa. Abin da ya rage ya fi kauri, furotin ɗinsa kuma yakan kai giram 9 zuwa 10 a giram 100, maimakon 3.5 zuwa 4 na yogot na yau da kullum. Sikir na ƙasar Ayislan ma haka ake yin sa.

A kula da abu ɗaya. Akwai masu rubuta "salon Girka" alhali ba su tace komai ba, sitaci, kirim ko garin madara suka zuba ya yi kauri. Jerin kayan haɗi ne zai tona asiri: na gaskiya madara ce da ƙwayoyi kawai. Idan ka ga kauri amma furotin bai wuce giram 4 ba, ba a tace shi ba.

Shi kuma wanda aka rubuta "babu laktos" fa? Me ya sa yake da zaƙi?

Madarar saniya ce ta gaske, an dai zuba mata laktez tun a masana'anta ya raba laktos zuwa gulukos da galaktos. Waɗannan biyun sun fi laktos zaƙi a harshe, shi ya sa ake jin kamar an sa sukari ko da ba a sa ba. Teburin sinadarai zai ci gaba da nuna sukari, wannan ba yaudara ba ce. Ma'aunin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: wasu suna karɓar ƙasa da giram 0.1 a giram 100, wasu sai 0.01. Kowannensu ya yi ƙasa da abin da zai tayar da ciki.

Mutum biyu ne wannan yogot bai halatta musu ba. Na farko mai alajin madara, domin furotin yana nan daram. Na biyu mai cutar galaktosemiya, cutar gado da ba a cika samu ba, wadda jiki ba ya iya sarrafa galaktos. Muna nanata wannan ne saboda iyaye da yawa suna ɗaukar "babu laktos" daidai yake da "babu madara", kuma kuskure ne mai haɗari.

Ina da alajin madarar saniya. Zan iya shan yogot na akuya, na tunkiya ko na A2?

A'a. Furotin ɗin madara kashi biyu ne: kesin, wajen kashi 80 cikin ɗari, da furotin ɗin ruwan madara, wajen kashi 20. Na akuya da na tunkiya sun yi kama da na saniya ƙwarai, har garkuwar jiki ba ta bambance su, kuma kusan tara cikin goma na masu alajin madarar saniya suna tashi da su ma. Madarar A2 kuwa ta saniya ce, nau'i ɗaya kawai na kesin ya bambanta, sauran furotin da laktos duk suna ciki. Tsamin yogot ba ya kawar da furotin.

Wasu yara masu alaji suna iya cin madarar da aka gasa a cikin biskit ko kek, kuma likitoci suna da tsari na hawa-hawa da ake bi daga gasasshiya zuwa yogot zuwa madara zalla. Likita ne ke cewa a fara, shi ke cewa a tsaya. Kada a gwada shi a gida da ka, musamman ga yaron da numfashinsa ya taɓa sarƙewa ko mai asma.

Ga mai matsalar laktos ma, madarar akuya ba mafita ba ce: laktos ɗinta ya ɗan gaza na saniya ne kawai.

A cikin yogot na tsirrai, wanne ya fi kusa da na madara?

Na waken suya. Furotin ɗinsa yana kai giram 3.5 zuwa 4 a giram 100, kusan kafaɗa da kafaɗa da na madara. Na kwakwa ya fi daɗin baki da santsi, amma furotin ɗinsa sau da yawa bai kai giram 1 ba, ga kitse mai daskarewa da yawa. Na almon da na kashu suna tsakiya, kuma ba su dace da mai alajin 'ya'yan itace masu ɓawo ba. Na hatsin ot yana da sitaci da yawa da furotin kaɗan, ga batun gulutin, furotin ɗin alkama, da muka yi bayani a ƙasa. Akwai kuma waɗanda ake ƙara wa furotin ɗin wake don cike giɓi.

Abin da aka fi mantawa shi ne kalsiyam. Yogot na madara yana ba da wajen miligiram 120 a giram 100, na tsirrai kuwa ba shi da abin kirki sai an ƙara masa. A nemi wanda aka rubuta an ƙara kalsiyam har ya kai wannan adadi, in da hali tare da bitamin D, B12 da aidin. Wanda aka buga wa tambarin "noman gargajiya ba taki" sau da yawa ba a ƙara masa komai, sai a duba da kyau. Wani kaso na jarirai masu alajin madara suna tashi da waken suya ma, don haka a tambayi likita kafin a ba ƙaramin yaro.

Na koma mara laktos, amma har yanzu cikina yana kumbura. Me ke faruwa?

Juya robar ka karanta bayanta, mai laifin yakan kasance a nan. Na farko da muke zargi shi ne inulin, wanda ake cirowa daga saiwar cikori. Ana zuba shi a yogot mara kitse don ya yi santsi, ko don a rubuta "mai harza" a gaba. Hanjin ɗan Adam ba ya narkar da shi sam, ƙwayoyin babban hanji ne ke cinsa su cika ciki da iska, kuma giram kaɗan ya isa ga mai hanji mai saurin harzuƙa. Na biyu su ne masu zaƙin da ake sa wa yogot "mara sukari": sobitol E420, manitol E421, maltitol E965 da zailitol E967. Suna jawo ruwa cikin hanji kamar yadda laktos ke yi, alamunsu ma iri ɗaya ne. Na uku furuktos ne mai yawa, daga zuma, ruwan agabe, ko tuffa da mangwaro da aka dama a ciki. Kashu ma yana cikin wannan sahu, haka yogot ɗin da aka yi da waken suya ɗungurungum.

Waɗannan duka suna cikin rukunin da masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya suka sa wa suna FODMAP, kuma su ne suka fi damun masu ciwon hanjin da likitoci ke kira IBS. Wasu mutane kuma suna kuka da kayan kauri irin su karajinan E407 da danƙon guwa E412. Jan launin kamin E120, wanda ake samu daga wani ƙwaro, yana tayar wa 'yan tsiraru alaji na gaske. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi mara haɗi, mai kayan haɗi biyu ko uku, a sa masa abin zaƙin da aka san ciki ya saba da shi.

Ina da cutar siliyak. Akwai gulutin a yogot?

Siliyak cuta ce da gulutin ke lalata hanjin mai ita. Madara da ƙwayoyin yogot ba su da gulutin. Yana shigowa ne ta hatsin da ake barbaɗawa a sama, gutsattsarin biskit, tsiron sha'ir da ake sa wa don ɗanɗano, da hatsin ot da ya gauraya da alkama a gona ko a injin niƙa. Ma'aunin duniya na "babu gulutin" shi ne kada ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya. Wanda aka gano cutarsa kwanan nan yakan samu matsalar laktos ma, domin a saman fatar hanjin da gulutin ya lalata ne ake yin laktez. Idan hanji ya warke bayan watanni na ƙaurace wa gulutin, sau da yawa madara tana dawowa daidai.

Me zan duba a jikin roba idan alaji nake da shi?

Kada ka dogara da manyan baƙaƙen gaba. Karanta jerin kayan haɗi har ƙarshe, kowane lokaci, domin kamfanoni suna canza haɗi ba sanarwa. A Tarayyar Turai doka ta tilasta fito da abubuwa 14 masu jawo alaji fili a cikin jerin, a Amurka kuma 9 ne tun da aka ƙara riɗi a 2023. Madara tana ɓuya da sunaye irin su *casein*, *caseinate*, *whey* da *lactalbumin*, kuma akwai kayan da ake kira "ba na madara ba" alhali suna da kesin a ciki.

Gargaɗin "mai yiwuwa akwai burbushin madara" yana nufin injin da ya yi yogot na tsirrai shi ya yi na madara. Mai matsalar laktos bai da damuwa da wannan. Mai alaji mai tsanani ya bar shi. Haka nan wasu kamfanoni suna rainon ƙwayoyin yogot na tsirrai a cikin madara, sai a nemi wanda ya bayyana cewa ƙwayoyinsa ma ba su taɓa madara ba.

Yaya zan gwada sabon yogot in san ko ya karɓe ni?

Wannan gwaji na masu matsalar ciki ne kawai, ban da masu alaji. A bar duk wani abu mai laktos na mako 2 har ciki ya lafa. Sai a ɗauki yogot ɗaya tak, mara haɗi, mai rai. Ranar farko babban cokali 2 tare da abinci, rana ta biyu rabin ƙaramar roba, ta uku roba ɗaya. A rubuta abin da aka ci, ƙarfe nawa, da abin da ciki ya yi cikin awa 24. Idan alama ta bayyana, a tsaya, a huta kwana 3, a koma adadin da ya wuce lafiya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne canza abu biyu lokaci guda, sabon yogot da sabon hatsi a kai, sai a rasa wa za a ɗora wa laifi.

Mai son tabbaci akwai gwajin numfashi a asibiti: a ba mutum laktos ya sha, a riƙa auna iskar haidirojin a numfashinsa na kimanin awa 3.

Idan na haɗa nawa a gida, zan iya rage laktos sosai?

Za ka iya. Ɗora lita 1 ta madara a wuta har ta kai digiri 85 a ma'aunin Salshiyos, ka riƙe ta a haka minti 15 zuwa 20 kana juyawa. Wannan yana kashe ƙwayoyin da ba a so, yana kuma sa yogot ya kama da kyau. Sauke ta huce zuwa digiri 43. Dama babban cokali 2 na yogot mai rai da ɗan madarar, ka juye a ciki, ka rufe a filas ko injin yogot. Awa 6 zuwa 8 ya isa ya kama, amma idan aka bar shi awa 18 zuwa 24 a wannan ɗumi, ƙwayoyin suna ƙara cin laktos, tsami ya ƙaru. Ba ya ƙarewa kakaf. Daga nan a sa a firji, sannan a juye a ƙyallen tata mai tsabta a kan mazubi, a cikin firjin, na awa 4 zuwa 8. Kada a ƙara garin madara. Wanda ke son ya huta da lissafi ya fara da madara mara laktos, ƙwayoyin suna kama ta lafiya lau.

Idan bai kama ba, ko dai an zuba irin, wato yogot mai rai ɗin nan, alhali madara tana da zafi fiye da digiri 50 ya mutu, ko irin dafaffe ne tun asali. Idan ya yi yauƙi yana jan zare, ɗumin ya yi ƙasa. Idan ya yi gudaji-gudaji da ruwa a sama, zafi ya yi yawa ko irin ya yi yawa. Wanda ya yi fumfuna, ko launin ruwan hoda, ko wari, a zubar da shi duka, kada a kwashe saman a sha ƙasan.

Ƙwayar laktez tana aiki da yogot?

Tana aiki idan an haɗiye ta tare da cokalin farko. In an sha bayan ciki ya fara ƙugi, an makara. Ƙarfinta kan kama daga 3,000 zuwa 9,000 a ma'aunin ƙarfin laktez da ake kira FCC, kuma aikinta bai cika wuce minti 30 zuwa 45 ba. Laktez na ɗigawa kuwa a madara ake sa shi, a bar ta awa 24 a firji kafin a yi yogot, domin yawancinsa ba ya aiki a cikin tsami. Babu ɗayansu da ke taɓa furotin, don haka ba su da wani amfani ga mai alaji.

Yogot yana sa ni ciwon kai da jan fuska, ba ciwon ciki ba. Mene ne wannan?

Yana iya zama histamin, wanda ke taruwa a abincin da aka bari ya yi tsami ko ya daɗe. Masu wannan matsala sukan ga irin alamun da tsohon cuku da kifin gwangwani ma. A gare su shawarar da muka bayar ta barin yogot awa 24 ba ta dace ba, na tsirrai ma ba lallai ya tsirar da su ba tunda shi ma tsami ake sa shi ya yi. Sabon yogot mai gajeren lokacin kamawa ya fi musu sauƙi. Amma alamun sun yi kama da na alaji, saboda haka sai likita ya fara kawar da zargin alaji.

Yaushe zan bar gwaje-gwaje in ga likita?

Nan take idan leɓe, harshe ko maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya sarƙe, ko jiri ya kama mutum bayan ya sha. Mai allurar adirenalin ya yi ta a cinya ba jira, sannan a garzaya asibiti ko da ya ji sauƙi, domin alamun suna iya dawowa. A ga likita kuma idan akwai jini a bayan gida, rama ba dalili, ƙarancin jini, gudawar da ke tashin mutum cikin dare, ko yaro ya daina ƙaruwa. Laktos ba ya jawo waɗannan.

Haka idan madara ta fara ƙin mutum farat ɗaya bayan shekaru yana sha lafiya. Sau da yawa gudawa mai tsanani ce ta goge laktez na ɗan lokaci, ya dawo cikin makonni, amma siliyak da cutar Kuron mai kumbura hanji ma da haka suke sallama. Mai zargin siliyak kada ya daina cin alkama kafin a ɗebi jininsa, domin gwajin zai iya nuna babu alhali akwai.